Basaraken Ingila da ya naɗa sarki biyu: maci amana ne?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai wani basarake a Ingila da ake yi wa laƙabi da mai naɗin sarki, wanda ya ɗora sarki, daga baya ya tuɓe shi ya mayar da wanda ya kora. Wane ne shi, kuma ashe wannan ba cin amana ba ne?

Amsa: Malama, wanda kike nufi shi ne Richard Neville, mai sarautar Warwick, an haife shi a 1428. Kada ki ɗauka yana cikin masu zaɓen sarki irin na masarautunmu, waɗanda al'ada ta ba wannan aiki. Shi dukiya da mayaƙa ne suka ba shi bakin magana. Sarautar ma ta hannun matarsa Anne Beauchamp ya same ta a 1449, sannan daga baya ya riƙe sansanin Calais, inda Ingila ke ajiye sojojinta a gaɓar Faransa.

Lokacin gidaje biyu na zuriya ɗaya, Lancaster da York, suna rikicin gadon sarauta. Sarki Henry na shida, ɗan Lancaster, mutum ne mai rauni, har ya samu taɓin hankali a 1453. Warwick ya bi York saboda gwaggonsa Cecily ce matar shugaban gidan, kuma abokan gabarsa, irin su gidan Percy, suna ɓangaren sarki. A ƙarshen 1460 aka kashe shugaban York da mahaifin Warwick. Watanni uku bayan haka aka gwabza a Towton, ɗan gwaggon nasa, Edward na huɗu, ya tabbata a gadon sarauta a madadin Henry da goyon bayan Warwick, yana ɗan shekara 18.

Inda aka ɓata shi ne 1464. Warwick yana ta kai-kawo don nema wa sarki aure daga fadar Faransa, ashe Edward ya riga ya auri wata bazawara, Elizabeth Woodville, a ɓoye. Kunya ce a bainar jama'a, amma a ganina ba ita ce babbar matsalar ba. Warwick ba shi da ɗa namiji, 'ya'ya mata biyu gare shi, Isabel da Anne, ga dangin sarauniya suna kwashe manyan 'ya'yan sarakuna a aure. Sarki kuma ya karkata ga ƙasar Burgundy, abokiyar hamayyar Faransa, ya watsar da shawararsa ta ƙawance da Faransa.

A 1469 ya aurar da Isabel ga ƙanin sarki, Clarence, ba da yardar sarki ba. Ya kama Edward ya tsare, ya sa aka fille kan mahaifin sarauniya, sai dai ƙasa ta ƙi mulkuwa, dole ya sake shi. A 1470 ya gudu Faransa ya durƙusa gaban Margaret, matar Henry, wadda ɓangarenta ne ya kashe mahaifinsa, ya ba ɗanta auren Anne. A watan Oktoba aka fito da Henry daga kurkukun Landan aka mayar da shi sarauta.

To, cin amana? E, ya karya rantsuwar mubaya'a ga sarki biyu, wannan ba ta da wanki. Amma ki duba: Clarence ne ko ɗan Henry, duk wanda ya tsayar a ƙarshe surukinsa ne. Gidan Neville yake yi wa aiki tun farko. Edward ma bai kyauta masa ba, ko da yake sarki ba zai zauna har abada a tafin hannun wanda ya ɗora shi ba.

Edward ya dawo da taimakon Burgundy, Clarence ya zame ya koma wurin wansa. Ranar 14 ga Afrilu 1471 aka haɗu a Barnet cikin hazo, mayaƙan Warwick suka far wa juna bisa kuskure, aka kashe shi da ƙaninsa John. Anne daga baya ta auri ɗaya ƙanin Edward, Richard, ta zama sarauniya a 1483.