Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya ko shiru ma ƙarya ne

'Yata, na karanta tambayarki. Kin ce kina da ɗa da kika haifa kafin ki karɓi Kristi, yana hannun mahaifiyarki, saurayinki kuma ya ɗauka ƙanenki ne. Bai taɓa tambaya ba, ke ma ba ki taɓa cewa ba naki ba ne, ga shi ana shirin baiko. Kina so ki san ko shirun naki ƙarya ne.

I, 'yata, ƙarya ne. Ba don in karya miki gwiwa nake faɗa ba.

Ki buɗe Farawa sura 20. A Gerar, Ibrahim ya ce matarsa Saratu 'yar'uwarsa ce, kuma a aya ta 12 ya bayyana cewa ubansu ɗaya, uwa ce kowa da tasa. Kin ga babu kalmar ƙarya a bakinsa. Amma ya bar Abimelek, sarkin Gerar, ya zaci ba ta da miji, har sarkin ya ɗauke ta, kuma shi sarkin ne ya dawo yana tsawata wa annabin Allah. Haka Hananiya da matarsa Safiratu a Ayyukan Manzanni 5, waɗanda suka sayar da filinsu suka ɓoye wani kashi na kuɗin. Bitrus ya faɗa wa Hananiya a fili cewa filin nasa ne, kuɗin ma yana hannunsa, babu wanda ya tilasta shi ya kawo duka. Laifinsu shi ne sun ajiye wani kashi kawai a gaban manzanni suna so a ɗauka duka ke nan.

Na daɗe ina zama da masu shirin aure a ikilisiya. Akwai wasu da mijin ya ɓoye bashin da ya ci kafin biki. Rannan mai kuɗin ya zo ƙofar gida yana ɗaga murya, amarya tana tsaye da tsintsiya a hannu, lallen biki bai ma gama gogewa ba. Bashin sun biya shi cikin 'yan watanni. Amma shekaru bayan haka, in ya ce an riƙe shi a wurin aiki, sai ta nemi wanda zai tabbatar mata. Wannan ne ya fi ba mu wahalar gyarawa. Ke kuwa naki ba kuɗi ba ne, yaro ne mai rai da zai girma, wata rana ya kira ki Mama a gaban kowa.

Kada wani ya ce miki ai Allah ya gafarta, don haka maganar ta mutu. Ya gafarta, babu shakka, kuma yaron nan ba abin kunya ba ne. Sai dai mutumin da zai tsaya gaban bagade ya yi alkawari yana da hakkin sanin wadda yake yi wa alkawarin.

Ba na cewa ki tara dangi ki yi shela. Afisawa 4:15 ta haɗa faɗin gaskiya da ƙauna. Ki fara yin addu'a, sannan ki nemi matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙon amana ta zauna tare da ku. Ki faɗa masa baki da baki, ba ta waya ba, kuma kafin a sa rana. Yana iya yin fushi, yana iya cewa a ba shi lokaci, yana ma iya janyewa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. In ya nemi lokaci, ki ba shi, kada ki bi shi da kira. Ki kuma sanar da mahaifiyarki tun kafin zaman, don kada maganar ta zo mata ba zato.