Amsa ga mai neman wadda za ta zauna da mahaifiyarta a gida don jinya

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuna shirin ɗauko mai jinya daga kamfani ta riƙa kwana da ita, kina son sanin yadda ake gane ta ƙwarai. Mun yi irin wannan jinyar da mahaifinmu, ga abin da zan iya gaya miki.

Takardu ba su da wuya. Ki ga katin shaidarta da rajistar kamfanin, sannan ki karɓi lambar gidan da ta bari ki kira da kanki. Ki tambaye su ko za su sake ɗaukarta in buƙata ta taso. In suka yi jim kafin su amsa, kin ji abin da za ki ji.

Inda aka fi yin sakaci shi ne dare. Kafin ku sa hannu, ki tambayi kamfanin: in Mama tana tashi sau uku ko huɗu a dare, yaushe mai jinyar za ta runtsa? Ranar hutunta fa, ko ranar da ita ma ciwo ya kwantar da ita, wa za a turo? Duk wanda ya ce miki mutum ɗaya zai riƙe dare da rana, mako bayan mako, kada ki saurare shi. Wadda barci bai ishe ta ba, ko da mai haƙuri ce, ita ce za ta manta magani, ita ce za ta fara tsawa.

Sauran kuwa jikin Mama ne zai ba ki labari. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ana juya shi kusan duk bayan awa 2. Don haka kada ki tsaya ga "lafiya lau muka kwana". Ɗaga zane ki duba ƙasan kwankwaso, gefen ƙugu, diddige da kafaɗa. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga wurin ya fi kewayensa duhu, ko ki taɓa ki ji ɗumi ko tauri. Farkon gyambon kwanciya ke nan, kuma in ya buɗe warkewarsa aiki ce ja. Ki tsaya ki ga yadda mai jinyar take ɗaga Mama. In ta kama hannun da ya shanye ta ja, ki hana nan take, don kafaɗar tana iya gocewa. Wajen cin abinci ma ki zauna. A zaune sosai ya kamata ta ci, loma ƙarama, ba gaggawa, kuma kada a kwantar da ita sai bayan kamar minti 30. Masu wannan ciwo sukan ƙware, abinci ya bi ta huhu ya jawo ciwon huhu. Mai jinyar da ta san aikinta takan dakata da zarar ta ji tari.

A ajiye littafin da za a riƙa rubuta lokacin magani, ke kuma wani lokaci ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage ki gwada da kwanakin. Ki riƙa zuwa ba sanarwa, har da sassafe. Ki keɓe da Mama, ki kuma lura ko tana yin tsit in mai jinyar ta shigo. Katin cirar kuɗi da lambar sirri kuwa kada su bar hannunku, wannan kariya ce ga mai jinyar ita ma daga zargi. In za ku sa kyamara, da sanin Mama da mai jinyar, kuma ban da banɗaki.

Ranar da za ku yi hira, ki tambaye ta me za ta yi in ta ga bakin Mama ya sake karkacewa ko maganarta ta harɗe. Amsar da kike so ita ce asibiti nan take, ta duba agogo ta riƙe lokacin da abin ya fara, ta kira ku a hanya. Wadda ta ce za ta bari a ga zuwa safe, ku sallame ta tun a wurin.