Hukuncin karanta waƙoƙin Girkawa da wasanninsu masu ambaton alloli

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, aji biyu, sashen Turanci da adabi. A zangon nan an ɗora mana Iliyad ta Homa da wasan Sarki Odifus na Sofokilis, an ce kuma nan gaba akwai Dante da Milton. Littattafan cike suke da alloli, wannan na teku, wancan na yaƙi, suna faɗa suna aure. Wata ƙawata ta ce karanta su shirka ne, gara in canza kwas. Ga shi malaminmu ya ce za mu yi wasan Odifus a dandamali ƙarshen zango, kuma da maki a kai. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, kada ki canza kwas. Ƙawarki kishin addini ya sa ta faɗi haka, Allah Ya saka mata, amma ta zarce. Shirka ita ce a ƙudurta cewa wani yana tarayya da Allah, ko a yi wa waninsa bauta. Wanda ya karanta labarin mushirikai, ko ya hakaito maganarsu yana mai ƙin ta, bai yi ko ɗaya ba. Alƙur'ani da kansa ya kawo mana maganar Fir'auna cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya jero gumakan mutanen Annabi Nuhu guda biyar da sunayensu. Muna karanta waɗannan ayoyi har a cikin salla. Daga nan malamai suka ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne.

Waƙa kuwa, Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya goya sahabi Sharid a bayan abin hawansa, ya nemi ya rera masa waƙen Umayya bin Abis Salti, yana ta cewa ya ƙara har ya kai baiti ɗari. Umayyan nan bai musulunta ba. A Buhari kuma ya zo cewa lalle daga cikin waƙa akwai hikima. Kuma mu da muka tashi a zaure mun san cewa bayan an yi nisa a fiƙihu ana ɗora wa ɗalibi waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi da Zuhairu, domin ya ƙware a lugga. Abin da ke cikin waƙar Imru'ul Ƙaisi na zancen mata, wani ba zan iya fassara shi a nan ba. Malamanmu ba su bar karantar da ita ba. Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba kuma Bamalike, ya yi sharhin littafin Arisɗo, masanin falsafar Girkawa, kan waƙa, littafin da a cikinsa Arisɗo yake yawan kafa misali da wannan Odifus ɗin da aka ba ku. Iliyad ma an mayar da ita waƙar Larabci, Sulaiman Bustani ya fitar da ita a Alƙahira a 1904.

Masu hanawa suna da hujjar da ba za a wofintar ba. Sun kawo aya ta 6 a Suratu Luƙman kan mai sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah, kuma wasu malaman tafsiri sun ce Nadru bin Harisi ake nufi, wanda yake tara Ƙuraishawa yana ba su labarin Rustum da Isfandiyar, jaruman Farisa, don kada su saurari Alƙur'ani. Labaran nan dangin Iliyad ne sak. Sai dai ayar ta faɗi illar zargin a fili, wato "don ya ɓatar". Haka hadisin da ya ce cikin mutum ya cika da mugunya ya fi masa alheri da ya cika da waƙa, Buhari ya sa shi a babin wanda waƙa ta rinjaye shi har ta hana shi zikiri da ilimi da Alƙur'ani. To, ki auna kanki da wannan: in Homa ya cinye miki lokacin tilawa, laifin ya shigo.

Ni abin da nake ji miki tsoro ba Ziyus, babban allan Girkawa, ba ne. Babu 'yar Musulmi da za ta karanta yadda yake rigima da matarsa ta ce ta samu abin bauta. Abin da yake shiga zuciya a sace shi ne yadda wasan Odifus yake zana ƙaddara. An faɗa wa mutum zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya gudu daga garinsu don kauce wa hakan, gudun ne ya kai shi ga aikatawa. Da gaskiya ta bayyana uwar ta rataye kanta, shi ya tsiyaye idanunsa. Babu ƙofar tuba, babu Ubangiji mai rahama da za a koma gare Shi. Wannan ya yi kama da abin da Zuhairu ya ce, wai ya ga mutuwa tana banka kamar taguwa mai dundumi. Mu a wurinmu ƙaddara daga Mai hikima take, Wanda ba Ya zalunci, kuma Ya ce a Suratul Ahzabi babu laifi a kanmu cikin abin da muka yi da kuskure. Da auren Odifus zai zo gaban alƙalin Musulunci, raba shi za a yi, babu haddi saboda rashin sani. Ki karanta da wannan ma'auni a hannu. A jarrabawa ki riƙa jingina magana ga masu ita: "a aƙidar Girkawa", "a ganin marubucin".

Milton ya sa wa Allah magana a baki, ya yi masa ɗa, ya ba Iblis zalaƙar harshe. Hukuncinsa ɗaya da na baya, sai dai a ƙara taka tsantsan, domin labarin Annabi Adamu ne ya cakuɗa da abin da ba shi ba. Dante daban ne. A babi na 28 na sashen Jahannama na littafinsa ya ci mutuncin Annabi (SAW) da Sayyadina Aliyu. Wannan wurin bai halatta a karanta shi don jin daɗi ko a yaba fasaharsa ba. In dole ta sa, ki san abin da ya ƙunsa don ki iya raddi, kada ki maimaita lafazinsa, kuma in aka mai da shi abin raha a aji, ki tashi, kamar yadda aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta umarta.

Saura wasan dandamali. Nan ba hakaitowa kike yi ba, ke ce mai furtawa da bakinki da jikinki. Malaman zamani sun yi saɓani kan wasan kwaikwayo a karan kansa, amma ko masu halattawa sun sharɗanta kada a furta kafirci ko a kwaikwayi bautar wanin Allah. A wasan nan akwai bokan Ziyus a farko, akwai 'yan amshi da suke kiran allolinsu Atina da Afolo su kawo agaji, ita ma Jokasta, uwar Odifus kuma matarsa, wadda nake zaton ita za a ba mace, tana zuwa wurin bautar Afolo da turare tana roƙo, ga kuma zama matar wani namiji ajnabi a gaban jama'a. Duk waɗannan ba su halatta gare ki ba. Ki je wurin malaminku cikin ladabi tun kafin a raba matsayi, ki nemi na ɗan aike ko makiyayi cikin suturarki, ko aikin shirya kaya da dandamali. In ya ƙi, ki kai maganar ga shugaban sashe a rubuce.

Wallahu a'alam.