Amsa ga mai tambaya kan kalmar "justify"

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce shugaban sashenku ya ba ka takardar tuhuma, a ciki an rubuta "Justify your absence from duty on Monday", kana so ka san ko ma'anarta ɗaya da "explain", da kuma yadda za ka mayar da amsa. Ba ɗaya ba ce, kuma a kan wannan bambancin ne ake rufe magana ko a jefa wa mutum takardar gargaɗi a fayil.

In an ce maka "explain", bahasi ake nema: me ya faru, yaushe, ta yaya. Ko kana da gaskiya ko ba ka da ita, in ka faɗi yadda aka yi ka amsa. "Justify" kuwa hujja take nema. Ana so ka nuna cewa abin da ka yi daidai ne, ko kuma duk mai hankali da ya samu kansa a halin da ka shiga haka zai yi. Tsakaninsu akwai "excuse", wato uzuri: ka yarda an yi ba daidai ba, amma kana kawo abin da zai rage maka laifi. Sai "apologise", ban haƙuri zalla, babu jayayya.

Ɗauki wannan Litinin ɗin. Wanda ya rubuta cewa ya tafi garinsu ranar Asabar bai dawo ba sai Talata, bahasi ya bayar. Wanda ya ce ya yi aikin dare ranar Lahadi barci ya kwashe shi, uzuri ya kawo. Wanda ya ce ɗansa ya suma da asuba, ya kai shi asibiti, ya kira mataimakin shugaba da ƙarfe 7:30 ya sanar da shi, ga kuma katin asibiti a manne da wasiƙar, shi ne ya kafa hujja. Na ukun kaɗai ya amsa abin da aka tambaya.

Saboda haka amsarka ta ƙunshi abu uku, kada ta wuce shafi ɗaya: abin da ya faru da rana da lokaci, dalilin da ya sa babu makawa sai ka bar aiki a ranar, da shaidar da za a iya riƙewa a hannu, kamar katin asibiti, takardar likita, ko hoton saƙon da ka tura wa wani a ofis. Na tsakiyan nan mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne zuciyar kalmar. In ba ka nuna cewa ba ka da wata mafita ba, mai karatu zai tambayi kansa me ya hana ka wakilta wani, ko ka leƙo ofis da rana. Ka duba wa'adin da aka ba ka kuma. Yawanci awa 24 ne ko 48, kuma wuce shi laifi ne na biyu da zai buƙaci tasa hujjar.

In kuwa ka san ba ka da hujja, kada ka ƙago. Turanci ya ba ka hanyar fita mai mutunci: "I cannot justify my absence, and I apologise." Wato ba ni da hujja, ina neman afuwa. Shugaba mai adalci ya fi saurin sassauta wa wannan a kan wanda ya cika shafi biyu da kame-kame.

Abin da nake ganin ya fi cutar da masu rubuta irin wannan wasiƙa shi ne buɗe ta da "I want to justify myself". Nahawunta lafiya lau, amma kunnen mai jin Turanci ba ya jin ladabi a cikinta. In kalmar ta haɗu da "myself", "himself" da 'yan'uwansu, takan ɗauki warin mutumin da ya ƙi karɓar laifi yana ta wanke kansa. In aka ce "He keeps justifying himself", ba yabo ba ne, ana nufin kullum yana da ta cewa. "I don't have to justify myself to you" kuma maganar faɗa ce, kusan kamar ka ce wa mutum ba ka isa in yi maka bayani ba. Ka ɗora kalmar a kan aikin, ba a kan kanka ba: "justify my absence", "justify the decision", "justify the cost".

Sai yadda ake ɗaura ta a jimla, inda kurakurai suka fi yawa. Kai tsaye take cin abin da ake karewa, ba ta son wata ƙaramar kalma a tsakani. "Justify about the delay" da "justify for the delay" duk kuskure ne, daidai shi ne "justify the delay". Wannan "for" da ke ruɗa mutane ta sunan ce, wato "justification", ba ta aikatau ba: "There is no justification for the delay." In aiki ne zai biyo baya, sai ya ɗauki -ing: "How do you justify spending so much?" Ba a cewa "justify to spend". Inda "to" ke shigowa shi ne gaban mutumin da ake kafa wa hujjar: "justify the expenses to the committee". In kuma kana so ka ce wani yana da gaskiya da ya yi abu, sai ka ce "She was justified in refusing", da "in", ba "to" ba. Wajen rubutu y tana komawa i a "justifies" da "justified", amma tana nan daram a "justifying". Wajen furuci ƙarfin murya na kan gaɓar farko, JAS-ti-fai, a sunan kuwa yana matsawa gaba, jas-ti-fi-KE-shan.

"Justified" da "justifiable" ma ba tagwaye ba ne. Ta farko na nufin akwai hujja kuma ta tsaya, kamar "His anger was justified", fushinsa na kan hanya. Ta biyu na nufin abu ne da za a iya kafa masa hujja in an nema. A wasiƙarka ta biyun ta fi tawali'u, domin ka bar wa shugaba hukunci. Kishiyoyinsu "unjustified" da "unjustifiable" ne, kuma ta ƙarshen ta fi zafi: babu ta yadda za a yi a kare shi.

Wani lokaci ba mutum ne ke kafa hujjar ba, abu ne. "The profit does not justify the risk" na nufin ribar ba ta kai a shiga haɗarin dominta ba. Daga nan ne maganar nan ta Turawa ta fito, "the end justifies the means", wato in buƙata ta biya ba a tambayar hanyar da aka bi. Galibi sukar wani ake yi da ita.

Asalin kalmar Latin ne, daga "justus", mai adalci, da "facere", yi ko mayar. Ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14, tushenta ɗaya da "justice". Shi ya sa ta yi kaka-gida a kotu. A shari'ar ɓata suna a Najeriya, in lauyan wanda ake ƙara ya ce zai dogara da "justification", yana nufin zai tabbatar da cewa maganar da aka faɗa gaskiya ce, kuma nauyin tabbatarwar na wuyansa. A Ingila dokar 2013 ta canza wa wannan kariya suna zuwa "truth". A shari'ar laifi kuma kare kai daga mai kawo hari hujja ce, taɓin hankali kuwa uzuri ne: a na farko ana cewa aikin kansa ba laifi ba ne, a na biyu ana cewa aikin ba daidai ba ne amma ba a kama mai shi. Kiristoci ma na da ita a tauhidinsu, abin da Hausawansu ke kira baratarwa. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura da nasu "justifier": a Faransancin ofis sau da yawa kawo takardar shaida ake nufi, shi ya sa ake ce wa rasit da makamantansa "justificatif". A Turanci takarda ita kaɗai ba ta wadatar ba, sai da dalili a bayanta.

Ɗalibai kuma, in takardar jarrabawa ta ce "Justify your answer", rabin aikin ne zaɓen amsa. Sauran makin na kan dalilan da suka sa ita ce daidai ba wata ba. Haka "justification of the study" a babin farko na kundin digiri: me ya sa wannan bincike ya cancanci a yi shi, wane giɓi zai cike. Akwai kuma wata ma'ana da ba ruwanta da laifi ko hujja: a Microsoft Word, "justify" daidaita layukan rubutu ne su yi kai ɗaya hagu da dama, da Ctrl da J ake yi.

In hujjarka irin ta asibitin nan ce, ga yadda za ka rufe wasiƙar bayan ka jera abu ukun: "I believe my absence was justifiable in the circumstances, and I regret the inconvenience it caused." Jimlar ta kare aikin, ta kuma nuna ka san an sha wahala saboda rashinka, ba tare da ka amsa laifin da ba ka yi ba. Ka sa hannu da kwanan wata, ka yi kwafi biyu, sakatare ya buga maka hatimin karɓa a kan naka.