Amsa ga mai tambaya kan maganin masassarar yara kyauta

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne ana duba yara kyauta, tunda ke da kika kai ɗanki mai masassarar cizon sauro sai da kika ciro kuɗi. Gaskiya ne, domin tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a likitocin gwamnati, haka ma awon ciki da fiɗar haihuwa. Sai dai tsarin shi ne likita ta yi aikin, daga baya gwamnati ta biya ta, kuma idan biyan ya yi jinkiri, kamar yadda ya sha yi, magani yakan yanke, a rubuta wa uwa takarda ta tafi farmasi. A nan ne kuɗinki ya fita, kuma bai kamata ki zargi ma'aikacin da ya duba yaron ba.

Ni 'ya'ya shida na rena a nan Damagaram, kuma abin da na gani shi ne jinkiri ya fi maganin kansa cin kuɗi. Wata damina 'yata ta uku ta yi zafin jiki ana tsakiyar noma a gonarmu ta wajen Mirya, na sayo mata ƙwaya wurin mai tebur, na ce bari mu gani. A dare na uku ta fara jijjiga, idanunta suka juye, da na duba tafin hannunta sai na gan shi fari fat, babu jini. Ba a karɓi kuɗin gado ba, amma kabu-kabu cikin dare, da abincin mai jinya, da allurar da aka ce babu, da neman wanda zai ba da jini, sun sa na sayar da akuya a lokacin da ba ta da daraja, sannan na ci bashin hatsi wanda na biya ninki da kaka. Kwana 8 ban taka gona ba, ciyawa ta danne geron, kuma wannan asarar babu takardar da ke rubuta ta.

Abin da ke ƙara nauyin shi ne cutar tana tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa sashen yara na likitar garin Magarya ke cika maƙil a waɗannan watanni.

Shawarata, ki kai yaro ran da jikinsa ya yi zafi, a soki yatsa a gwada, kuma ki riƙe karnensa, wato littafinsa na likita, domin shi ne shaidar shekarunsa. Idan masu rabon maganin rigakafi na damina suka zo, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata, ki tabbatar ya sha na rana ta biyu da ta uku da suke bari a hannunki, domin da yawa a nan muke sakaci. Sange kuma a ɗaura shi tun magariba, a duba ko ya huje ta gefen da yaro ke jingina.