Amsa ga mai ɗinkin hular da sabon zane ya ƙi zo masa

Ɗan'uwa, ka ce duk hular da ka ɗinka yanzu sai ta yi kama da ta baya, kuma kana neman inda za ka samo sabon zane. Na taɓa shiga wannan hali, kuma abin da ya fitar da ni shi ne na daina kallon huluna na ɗan lokaci, na koma kallon aikin wasu masu sana'a.

Idan kana kusa da Kano, ka ziyarci Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, sannan ka zaga cikin gari kana duban adon da magina suka yi wa zauruka, musamman dagi da yadda suke maimaita shi. Aska takwas ta babbar riga, zanen ƙwarya, saƙar faifai, har lallen amare, kowanne yana da abin da zai zauna a kan hula. Ka riƙa yawo da ƙaramin littafi kana zana abu ɗaya kullum, ko da bai yi kyau ba. Ni kam na fi dacewa bayan sallar asuba, kafin gari ya cika da hayaniya.

Kuskuren da na fi gani shi ne kwafe zanen wani daga Facebook ɗungurungum, da cusa launuka barkatai a hula ɗaya. Ka fara gwaji da zare kala biyu a kan ƙyalle. Lissafin yadda zanen zai zagaye hular ya haɗu babu karkata kuwa, wannan ka kai wa tsohon mai zanen hula ya duba maka kafin ka sa allura.