Tarin fuka da farmasi: likita na amsa tambayoyinku

Likita, ina aiki a wata farmasi a Tahoua. Kullum ana zuwa neman maganin tari ba tare da takardar likita ba. Yaya zan gane wanda ya kamata in tura asibiti?

Ɗan'uwa, mai tarin fuka yakan fara biyowa ta wurinku kafin ya zo wurinmu, saboda haka aikinka babba ne. Kafin ka miƙa masa siro, tambaye shi tun yaushe yake tarin. In ya kai mako 2, balle in akwai zufar dare, zazzaɓin yamma, rama ko jini a kaki, rubuta masa 'yar takarda ka tura shi CSI (ƙaramar cibiyar lafiya ta yanki) ko asibitin gunduma a auna kakinsa. Inda akwai na'urar GeneXpert, cikin kamar awa 2 take gano ƙwayar cutar, har ta nuna ko rifampicine, babban maganin cutar, zai ci ta.

Abin da nake roƙonka da babbar murya, kada ka ba irin wannan mutum ciprofloxacine, ofloxacine ko lévofloxacine. Suna taɓa ƙwayar tarin fuka, tari ya lafa na 'yan makonni, mutum ya ɗauka ya warke alhali yana ta yaɗa wa iyalinsa. Ƙwayar kuma tana iya sabawa da su, ga shi lévofloxacine na cikin magungunan da muke dogara da su in cutar ta gagari maganin farko. Haka ma dexaméthasone da wasu ke sha don su yi ƙiba: yana karya garkuwar jiki, cutar ta samu fili.

Maigidana na shan maganin tarin fuka, ya shiga wata na 3 kuma ya samu sauƙi. Garinmu da nisa daga Madaoua. Zan iya sayo masa sauran a farmasi ko wurin masu talla?

A'a, Hajiya. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa ce ke raba shi ta asibitoci, kuma a can aka san inda maigidanki ya kwana. Wata 6 ake sha. Wata 2 na farko magani 4 ne a dunƙule cikin ƙwaya guda: rifampicine, isoniazide, pyrazinamide da éthambutol. Wata 4 na ƙarshe rifampicine da isoniazide kaɗai. Yawan ƙwayoyin da ake sha a rana kuwa nauyin jiki yake bi. In ya yi ƙiba lissafin na iya sauyawa, mai talla kuwa ba shi da sikeli, kayansa ma a rana suke wuni.

Akwai kuma awon kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6, wanda shi ke tabbatar da warkewa. Sauƙin da kike gani ba ya nufin ƙwayar ta ƙare. Wanda ya katse, ko yake sha yau ya tsallake gobe, cutar na iya dawo masa ba ta jin magani, jinya ta ƙara tsawo da wuya. Ku faɗa wa ma'aikacin da ke bin sa matsalar nisan, a duba ko za a riƙa aiko maganin CSI mafi kusa da ku.

Tun da na fara shan maganin tarin fuka fitsarina ya koma ja. Ina kuma da ashanar tsarin iyali a hannu.

'Yar'uwa, jan fitsari aikin rifampicine ne, ba jini ba ne, ci gaba da sha. Abin da zai sa ki dakata ki garzaya asibiti a ranar shi ne idanu su koma rawaya, amai ya ƙi tsayawa, ƙuraje su feso a jiki, ko gani ya fara dushewa. In ƙafafu ne ke zugi ko mutuwa, ana ƙara bitamin B6.

Batun ashana kuwa, gara da kika ambata. Rifampicine na rage ƙarfinta da na ƙwayoyin sha, ciki na iya shiga. Je wurin ungozoma ta duba miki allurar wata 3 ko robar mahaifa. Duk mai farmasin da ya ga katin tarin fuka a hannun mace, ya kamata ya yi mata wannan tambaya.

Ina zan ajiye maganin a wannan zafi, kuma me zan yi wa yarana?

Malam, bar ƙwayoyin cikin ledarsu sai lokacin sha, a inuwa, nesa da murhu da kwanon rufi, inda hannun yaro ba ya kai. Sha su tashi guda da safe kafin karin kumallo. Yaran kuwa kai su duka a duba su, ko da an yi musu allurar rigakafin tarin fuka ta BCG. 'Yan ƙasa da shekara 5 da ba a samu cutar a jikinsu ba ana ba su maganin kariya, shi ma kyauta. Buɗe tagogi iska ta riƙa ratsa ɗaki, ka kuma rufe baki da hanci in tari ya taso.